Fim Ɗin da Auta Ya Yi Don Baba

Mahaifinmu bai taɓa jin tsoron fim ba, kuma ba ya gajiya da faɗa. Aikinsa ke nan tun yana saurayi har furfura ta cim masa: shi ne mai kunna inji a gidan silima, can sama cikin wani ɗan ɗaki mai zafi kamar tanda, da 'yar tagar da haske ke bi ya sauka a kan allo. Gidan siliman ma yanzu babu shi, an mai da shi ma'ajiyar katifu. Amma har gobe in tsofaffin unguwa suka gan shi, Mai Inji suke ce masa.

A faɗarsa, shi ba allo yake kallo ba, ƙeyar mutane yake kallo. Daga tagar nan yana ganin wuyan kowa. In fim ɗin ban tsoro ya kama jama'a, sai wuya ya riƙa shigewa cikin kafaɗa, masu ɓare gyaɗa su daina, mai tari ya haɗiye tarinsa. Can sai a kwarma ihu gaba ɗaya, bayan ihun kuma dariya, kowa na satar kallon na kusa da shi ko ya gan shi.

"Dariyar nan suka zo saya," in ji Baba. "Ɗan Adam na so ya leƙa rami alhali ƙafarsa na kan tudu. Barkono ma ai ba don ƙoshi ake cin sa ba."

Ni ce babbar 'yarsa, tela ce ni, kuma duk zuri'armu ba a haifi matsoraciya kamata ba. Ƙadangare ya faɗo daga rufi, sai in watsar da almakashi in bar wa mai kaya shagon. Amma a sa fim ɗin ban tsoro, ni ce a gaba, da matashin kai rungume a ƙirji, ina leƙe ta tsakanin yatsu. Maigidana ya ce bai taɓa ganin mai neman wahala da ƙafarta irina ba. Bai gane ba ne. In an gama aka kunna fitila, na ga kekena na ɗinki yana nan inda na bar shi, yara na ta rigimarsu lafiya lau, wani daɗi nake ji kamar an sauke mini kaya daga ka.

Da ciwon suga ya cinye idon Baba, kallon fim ne kawai ya ƙi bari. Ni na zama idonsa. Duk ranar hutu in rufe shago in tafi gida, mu zauna kan doguwar kujera, ni a hagunsa, ina faɗa masa abin da ke allo. Ya shiga mota. Ta buɗe kabad. Akwai wani a bayan labule, ƙafarsa ta leƙo. Matsalata ɗaya, bakina ba ya da birki. Sai in ce, "Ga ta nan za ta sauka ɗakin ƙasa ita kaɗai, sakarya kawai, uwar me ta ajiye a can?"

"Ke dai ba ni abin da kika gani," Baba zai ce. "Sharhin ki kai wa masu kawo miki ɗinki."

Ko da babu ido, ba a taɓa shammatarsa ba. Kafin abu ya faɗo yakan ɗaga yatsa ya ce, "Ga shi nan tafe, kin ji goge ya fara kuka." Abin kuwa ya faɗo, ni in yi tsalle, shi ko gezau.

Ƙanenmu Auta shi ne ya ɗauko cutar gidan. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Tun rasuwar mahaifiyarmu su biyu ne a gidan, shi da Baba, kuma ba su da hira sai ta fim. Auta ya girma, ya yi karatu, ya ajiye takardun ya sayi kyamara. Ɗaukar bukukuwa da tallan shaguna ke ciyar da shi, amma ransa na wajen fim ɗin ban tsoro. Na farkon da ya yi, lokacin idon Baba da ɗan saura, dodo ne mai baƙar riga da dogayen farata, jini kuwa kamar a mahauta. Aka zauna kallo. Dodo ya fito daga bayan bishiya yana gurnani, Baba ya matso da fuska kusa da talabijin ya ƙura masa ido.

"Wa ya ɗinka wa dodon nan riga?"

Na ce ni ce.

"Shi ya sa. Kafaɗar ta zauna."

Kafin a kai rabi yana minshari. Da ya farka ya ce wa Auta, dodon da aka gani ya tashi daga dodo, ya koma ɗan wasa da fenti a fuska. Duk muka yi dariya, har da Autan. Amma ni na goya shi, na san dariyarsa ta gaskiya, kuma ba ita ba ce.

Bai sake nuna wa Baba komai ba sai bana. A tsakanin nan kuwa maigidana ya buɗe sabon shagon tayil, yana neman na jiki da zai riƙe masa, ya ce Auta ya dace. Maigidana ba mugu ba ne, mutum ne mai son ya ga kowa da abin yi tsayayye. Ya yi ta bin Auta, Auta na zillewa. Ran nan a shagona, ina cikin yanka yadi, Auta ya shigo ya zauna kan bencin masu jira ya ce ya ba maigidana amsa.

"Na gama sabon fim ɗin, Yaya. Ranar hutu zan kunna wa Baba. In ya ji tsoro, zan ci gaba da sana'ata. In bai ji ba, washegari zan sayar da kyamarar in karɓi makullin shago."

Na ajiye almakashi. Na ce masa ashe haukan naka ya kai haka? Mutumin da ya ga fina-finan duniya bai motsa ba, shi za ka ɗora rayuwarka a kan wuyansa? Ka tara matasa a ɗaki mana, in ba su yi fitsari a wando ba ka ce ba ni ba ce.

"Matasa ko kyanwa ka jefa musu za su yi ihu," ya ce. "Ni Baba nake so."

Na rage murya na ce to bari in taimaka. In an zo wurin, zan ƙwalla ƙara a kunnen Baba, ko in mintsine shi, dole ya zabura. Auta ya dube ni kamar na ce mu je mu yi sata.

"Zabura daban, tsoro daban, Yaya. Ko ƙofa ce ta bugu mutum zai zabura. Abu ɗaya nake roƙonki. Ki faɗa masa abin da ke allo daidai yadda yake, kar ki ƙara, kar ki rage, kar kuma ki yi shiru. Ke ce idonsa. In kika tsaya, fim ɗina ya tsaya."

Na ɗauki alkawari. Gaskiya raina ya rabu biyu. Ina son yaron nan ya samu abin yi da ba sai an yi biki zai ci abinci ba. Amma kuma na ga yadda ya rame a kan fim ɗin nan, na ga yadda idonsa ke haske in yana maganarsa, kuma na san in ya zauna cikin kwalayen tayil hasken nan mutuwa zai yi.

Ranar ta zo. Da rana tsaka na isa gida na tarar Auta ya mai da falo kogo. Ya rataya barguna a tagogi, ya toshe ƙasan ƙofa da tsumma, ya kashe fanka don kar ƙararta ta shiga sauti. Ya aro lasifikoki ya rarraba, biyu a gaba, biyu a bayan kujera, ɗaya kuma ya hau tebur ya ɗora ta can saman kabad, dab da rufi. Baba na zaune a wurinsa da sandarsa tsakanin gwiwoyi, yana jin duk kai da kawon.

"Yau kuma wa ya yi wa dodon ɗinki?" ya tambaya.

"Babu dodo, Baba," in ji Auta.

"To madalla. An huta da kuɗin yadi."

Auta ya ja kujerar roba ya zauna a bayanmu, inda zai riƙa ganin ƙeyar Baba cikin hasken talabijin. Ya kunna.

Labarin ba shi da yawa. Wata mata ce ma'aikaciyar ofis, tana zaune da mahaifiyarta a wani tsohon gidan bene. Uwar na kwance a sama, ciwo ya ɗauke mata magana da ƙafa, sai hannu ɗaya. An ajiye mata sanda a gefen gado. In tana son wani abu sai ta buga daɓen katako da ita, 'yar ta ji daga ƙasa. Da haka suke hira. 'Yar ta ɗaga kai ta yi wa rufi magana, sanda ta amsa.

Da aka yi bugun farko, daga saman kabad ya fito, wallahi sai da na ɗaga kai na dubi rufin gidanmu. Baba ya karkata kunne. Aka sake bugawa. Sai ya fashe da dariya.

"Ɓarawo. Sandata ce wannan. Na san muryarta, ƙasanta ya ɗan tsage. Ashe ranar da na yi ta nema kai ka ɗauke."

Ni kuwa na ce a raina shi ke nan, an fara da dariya.

Na ci gaba da aikina, kuma ranar na kama bakina yadda ban taɓa yi ba. Matar ta dawo daga aiki da yamma. Ta ajiye jaka. Ta cire takalmi. Ta ce wa rufi, "Na dawo, Mama," sanda ta amsa. Ta shiga kicin ta ɗora tukunya. Tana yanka albasa tana ba uwar labarin ofis, wane ya yi kaza, wance ta ce kaza, in ta kai wurin dariya sanda ta buga da sauri kamar mai tafi. Babu kiɗa ko kaɗan. Sai ƙugin firji, da wuƙa a kan katako, da ruwa na tafasa. Har na saki jiki, na manta irin fim ɗin da nake kallo. Matar ta shiga raina, don na san wannan hirar, na san yadda ake yi wa tsoho surutu don kar gida ya yi shiru.

Sai wayarta ta yi ƙara. Maƙwabciyarsu ce. Ta ce tun safe take nemanta ba ta samu ba. Ta ce da hantsi ta shigo duba tsohuwa ta tarar numfashinta na sarƙewa, suka kai ta asibiti. "Kar ki damu, ga ta nan gabana tana barci, har sandarta na taho mata da ita. Ki zo in kin samu hali."

Matar ta sauke wayar a hankali. Firjin ya ɗauke. Ban san ina jin ƙuginsa ba sai da ya daina.

Daga saman kabad aka buga sanda.

Tsigar jikina ta tashi tun daga ƙafa har tsakar ka. Na ce, "Ta kashe murhu. Ta fito daga kicin. Tana gindin matakala, tana kallon sama. Baba, sama akwai duhu. Ta ɗora ƙafa."

Yatsan Baba bai ɗagu ba, don babu gogen da zai gaya masa komai. Matakalar na ƙara ɗaya bayan ɗaya. Numfashin matar na fitowa daga bayan kujerarmu, kamar a wuyana take. Ta kai sama. Ga ƙofar ɗakin uwar a rufe, haske siriri a ƙasanta. Ta ce, "Mama?" da irin muryar da yaro ke kiran uwa in ya ɓata a kasuwa. Ta miƙa hannu ga mariƙin ƙofar.

Nan na karya alkawari. Ban yi shawara da kaina ba, sai dai na ji fuskata cikin matashin kai, na danna ta har ina jin warin audugar. Na ji ƙofar ta buɗe, a hankali, da wani dogon kuka.

"Me ta gani?" in ji Baba.

Bakina ya ƙi buɗuwa.

"Ke. Me ke cikin ɗakin?"

Ina jin sa sarai. Ina jin Auta a bayana ya daina numfashi. Na ce wa kaina ɗago, 'yar banza, rayuwar ƙanenki ce, amma wuyana ya ƙi. Babu abin da ke fita daga lasifikokin sai numfashin matar, shi ma can ya tsaya. Shirun ya yi tsawo har na fara jin bugun zuciyata a kunne. Sannan aka buga sandar, sau ɗaya, a hankali. Wannan karon ba daga sama ba. Daga bayanmu.

Ban san yadda fim ɗin ya ƙare ba. Da na ɗago, sunaye ne ke hawa a allo. Auta ya tashi ya yaye bargo ɗaya, rana ta shigo ta kashe mini ido. Na dubi Baba. Yana zaune yadda yake tun farko, hannu biyu a kan sanda, fuska kamar ta mai jiran mota.

Ya yi gyaran murya. Ya ce farkon ya ɗan yi tsawo, a rage yankan albasar. Ya ce maƙwabciyar ta cika zuba a waya, rabin maganarta ya isa. Ya ce wanda ya ɗauki sautin matakalar ya san aikinsa.

"Ni ne, Baba," in ji Auta.

"To."

Auta ya tsaya yana murza gefen bargon a hannu.

"Baba, ka ji tsoro?"

"Tsoro? Ni?" Baba ya yi 'yar dariya ta hanci. "Yaro, ni da na ga fatalwa a naɗe cikin gwangwanin fim, na ɗaura ta a inji da hannuna?"

Auta ya gyaɗa kai. Ya durƙusa ya fara naɗe wayoyin lasifika, yana yi a tsanake kamar mai naɗe kayan mamaci. Daga inda ya zauna ya ga ƙeyar Baba tun farko har ƙarshe, kuma da ta motsa da ya faɗa. Ni kuwa ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaron nan abu ɗaya ya roƙe ni. Na bar mahaifinmu a bakin ƙofa babu ido, a daidai wurin da aka gina fim ɗin dominsa. Na matsa kusa da shi na ce, "Auta, laifina ne. A sake kunnawa daga matakalar, wallahi zan buɗe ido."

"Bar shi, Yaya," ya ce, bai ɗago ba. "Ba a jin tsoron abu sau biyu. Ki ce wa maigidanki gobe zan shigo."

Haushin kaina nake ji, da haushin Baba, da haushin tayil ɗin duniya gaba ɗaya. Kuma duk da haka tsoron bai sake ni ba, don fim ɗin yaron nan ya yi kyau, kyan da ban taɓa zaton wani namu zai iya ba.

Baba ya ce zai je ya ɗan kishingiɗa. Ya miƙe ya kama hanyar ɗakinsa, ta ɗan lungun da ya raba falo da ɗakunan kwana. Ya taka kaɗan ya tsaya. Na lura sandar ba ta taɓa ƙasa, ya ɗage ta ya rungume a ƙirji, yana lalube bango da ɗaya hannun. Ya kai bakin ƙofarsa. Ƙofar a rufe take. Ya tsaya a gabanta, ya daɗe.

"Auta."

"Na'am, Baba."

"Me ke cikin ɗakin nan?"

Auta ya ɗago. "Ɗakinka, Baba?"

"Na fim ɗin, ɗan nema. Yayarka ta gudu ta bar ni. Me matar ta gani?"

"Babu komai. Gado ne kawai a gyare, da taga a buɗe."

"Babu komai," Baba ya maimaita. Ya jinjina kai a hankali. Har yanzu hannunsa bai kai ga mariƙin ƙofar ba. "To wa ya buga sandar?"

"Ban sani ba, Baba. Ban rubuta ba."

Can Baba ya ce, da wata murya ƙasa-ƙasa da ban san shi da ita ba, "Zo ka buɗe mini ƙofar nan. Ka shiga gaba ka kunna fitila."

Muka dubi juna ni da Auta. Wayar lasifikar da ke hannunsa ta zame ta faɗi.

"Fitila, Baba?"

"Na ce ka kunna. Kunnenka ne ya mutu ko idona?"

Auta ya tashi ya nufi lungun, yana tafe yana share fuska da gefen riga. Ya buɗe ƙofar, ya shiga, na ji ƙarar makunni. Haske ya zubo a kan fuskar mahaifinmu, fuskar da ba ta san bambancin dare da rana ba. Ya saki ajiyar zuciya, ya sauke sandar ƙasa.

"Ka duba bayan ƙofa," ya ce. "In ka gama ka zauna nan bakin gado har in yi barci. Ba don komai ba, akwai gyaran da zan faɗa maka na fim na gaba."